Shekarar da Na Ƙi Rage Gero

Ranar wata Asabar ce, washegarin saukar ruwan shuka, a shekarar da nake aji huɗu na firamare. Gari ya waye da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, kaji na ta rububin gina a tsakar gida. Baba ya fito da sungumi a kafaɗa, yayana Bello na biye da shi da ƙwaryar iri, ni kuwa Inna ta riga ta jera min ƙosai a faranti in kai talla. Sai na dire farantin a zaure, na tsaya a bakin ƙofa na ware hannuwa, na ce ba mai fita sai an yanka min gayauna. Ga wanda bai tashi a ƙauye ba, gayauna ita ce 'yar gonar da uba kan ware wa ɗansa a gefen gandu, ya noma ta bayan an tashi daga aikin gida, abin da ta bayar nasa ne. An ba Bello tasa tun yana ɗan shekara tara. Ni ga ni da goma cif, ba wanda ya ko yi zancen, kuma na san don ni mace ce.

Baba ba mutum ne mai ɗaga murya ba. Ya jingine sungumin ya dube ni daga sama har ƙasa, maƙwabta masu wucewa gona na leƙe suna dariya. Can ya ce, "Na jiya, Luba. Ki kawo man dami biyu ga kaka, in bar maki ita. In ba ki kawo ba, in haɗe ta da ta Bello, kuma ba ni son kuka." Na ce na yarda tun kafin ya rufe baki. A ranar ya auna min wuri da taku a ƙarshen gandunmu, inda ƙasa ke gangarawa rafi. Gayaunar ba ta da wani girma, in ka tsaya a wannan gefe ka yi jifa, dutsenka zai wuce wancan. Amma a idona ba wanda ya kai ni gona a duk ƙasar Tsafe.

Ƙauyenmu yana bayan Kucheri, a gindin wasu duwatsu, kuma 'ya mace a gidanmu ba ta da lokacin da za a ce nata ne. Da sassafe in share tsakar gida da turken awaki, in jawo ruwa in cika randuna, sannan in zura rigar makaranta in ruga kafin a buga tsohon ƙarfen motar da muke kira ƙararrawa. In an tashi, ga surfe, ga wanke-wanke, ga talla. Inna ta faɗa min tun farko ba za ta ɗauke min ko tsinke ba, tunda ni na jawo wa kaina. Don haka lokacin wasana na ba gona. Da la'asar ƙawayena na 'yar gala-gala da carafke a gindin ceɗiya, ni kuwa in saɓa 'yar fartanyata in wuce su ina ɗaga kai. Suka sa min suna Sarkin Noma, in na gifta su yi ta tafi suna guɗa. Abin na yi min zafi, amma ko sau ɗaya ban bari sun gani ba.

Gero ya fito gwanin sha'awa. A wurinmu ba a ƙirga iri wajen shuka. Mai sungumi ya sara, mai bi ya zuba abin da yatsu suka ɗebo ya take da diddige, don haka kowane rami kan fito da tsiro goma ko fiye. In aka zo noman farko sai a rage, a bar uku ko huɗu masu ƙarfi, a tuge sauran a yar. Kowa ya san wannan, har yaron da bai iya ɗaura wando ba. Amma da na durƙusa a gaban geron da na shuka da hannuna, kore shar, sai na kasa, rabi tausayi rabi haɗama. Na yi tunanina na 'yar aji huɗu: in kowane tsiro zai ba da zangarniya, to wanda ya bar goma ya fi wanda ya bar uku, kuma duk manoman garinmu asara suke yi ba su sani ba. Har na fara tunanin inda zan zuba dami huɗu.

Inna ce ta fara gani, ranar da ta kawo wa su Baba fura. Ta ce in rage, gero ba ya son cunkoso, kowane zai tsotse ɗan'uwansa. Na ce gonata ce. Bello ya zo ya tsaya a kan iyaka ya riƙe ƙugu, ya tambaye ni ko ciyawar doki nake nomawa, ya ce in ci gaba, shi dai yana godiya da nake share masa wuri. Wannan maganar ce ta ƙarasa ni, don daga ranar ko da na fara shakka, ragewa ta zama tamkar in ce Bello ya yi gaskiya, ni kuwa gara a yanka ni. Baba kullum sai ya biyo ta wurin, ya duba, ya yi min sannu da aiki, bai taɓa cewa uffan ba. A lokacin na ɗauka yarda ce.

Zuwa maimai, wato noma na biyu, gaskiya ta fara fitowa. Geron gandu ya yi kauri ya wuce kan Baba, nawa kuwa ya tsaya iya ƙirjina, siriri, ganyen ya yi rawaya. Na ƙara nome shi, har addu'a na tofa masa. Da ya fitar da kai, zangarniyar ba ta fi yatsana ba. Lokacin tumu, yara na gasa sabon gero a bakin gona suna murzawa, Bello ya miƙo min nasa mai kauri, na ce ba na ci. Na karyo nawa na gasa, ya ƙone ƙurmus kafin in juya shi, na cinye shi da tokarsa ina cewa ya fi daɗi. Ranar girbi na tattara komai, har waɗanda tsuntsu ya raina, aka ɗaure. Dami ɗaya ne, shi ma sai da aka rage tsawon igiya.

Akwai wata al'ada a gidanmu da ban gan ta a gidan kowa ba. Ranar da aka gama zuba hatsi, aka fitar da zakka, aka ɗora wa rumbu jinka, Baba kan sa a shimfiɗa tabarmi a gindinsa bayan la'asar, kowa ya zauna. Kowa zai faɗi abu biyu: abin da Allah Ya ba shi a shekarar wanda yake godiya a kai, da abin da ya ɓata da hannunsa. In ka soma ɗora wa ruwan sama ko fara ko wane laifi, sai ya tare ka, "Naka laihi za ka hwaɗi, bar na wani." Shi yake farawa. A shekarar ya ce ya yi jinkirin gyaran katanga har ruwa ya kayar da ita. Inna ta ce ta bar daddawa ta lalace, Bello ya ce akuya ta shiga gonar maƙwabci yana can yana langa.

Sai aka zo kaina. Na kwana uku ina shirin ɗora wa ƙasar wurin laifi, in ce tsakuwa ce, amma ga damin nawa a jingine kowa na ganinsa. Na miƙe tsaye, ko da yake ba a tsayawa, na ce, "Na gode Allah da Yab ba ni dami guda, ba wanda yak kama man. Abin da na ɓata, Inna ta ce in rage na ƙiya, don kar Bello shi ji daɗi." Aka yi dariya har Inna na share hawaye. Baba bai yi ba. Ya ce na faɗi gaskiya, Allah Ya yi min albarka, amma magana tana nan, gayauna ta koma hannun Bello. Na tuna ya ce ba ya son kuka, don haka na riƙe shi har sai da na shiga bayan turken awaki.

A can, ina kuka ina kallon kashin awakin da nake sharewa kullum in zubar a juji, dabara ta zo min. Daga washegari, duk abin da na share, da tokar murhu da kashin kaji, sai in zuba a tsohon kwando in ɗauka a ka in kai gonar da aka karɓe min. Ban nemi izinin kowa ba, ban kuma ɓoye ba. Rani guda cur ina wannan jigila, ƙafa a tsage, kai na wari, har wadda muke zama benci ɗaya a makaranta ta roƙi malam ya canja mata wuri. Bello murna yake yi, wai ya samu 'yar ƙwadago kyauta. Bai farga ba sai da hadari ya fara haɗuwa, ya ga wurin ya cika da taki tsibi-tsibi. A ƙasarmu kuwa ko aron gona aka ba mutum, in ya zuba mata taki ba a karɓewa sai ya ci amfaninsa, kuma na sha jin manya na yanke irin wannan rigima a zaurenmu. Bello ya kai ƙara yana huci. Baba ya je ya zagaya wurin, ya tona da ƙafa, ya dawo ya ce, "Bello, ko baƙo na yaz zuba wanga taki ba ni iya korar shi, balle ɗiyata." Daminar nan na rage gerona uku-uku, ina tugewa ina cije leɓe, na ɗaure dami uku manya. Ba a sake zancen karɓe ta ba, kuma da aka zo rabon gadon Baba, a cikin rabona aka bar min ita.

Yau shekara talatin da wani abu ke nan. Ina koyarwa a wata firamare a Gusau, Inna na wurina ta tsufa. Ƙauyenmu ya watse bayan 'yan bindiga sun shiga sau biyu, Bello ya tsira da iyalinsa da kayan jikinsu, ya koma Bungudu yana ƙwadago a gonakin mutane. Bana da ƙaramar Salla ya zo min da magana: wani mai hali na sayen gonakin waɗanda suka gudu, yana son gandunmu har da gayaunata, don ita ce a bakin rafi. Na tashi masa da faɗa a gaban 'ya'yansa. Na ce tun muna yara idonsa na kan gonar nan, na faɗi maganganun da bai kamata a faɗa wa mutumin da ya rasa shanunsa da rumbunsa a rana ɗaya ba. Ya tashi bai ci abinci ba, muka yi wata shida ba ma magana.

Ba ni da rumbu a gidan haya, amma duk kaka nakan shimfiɗa tabarma in tara 'ya'yana. Bana da aka zo kaina na ce na gode Allah da Ya kawo mu ƙarshen shekara ba mu binne kowa ba, Inna na cin tuwonta, 'yan ajina da suka zo daga ƙauyuka ba su iya rubuta sunansu ba yanzu suna karatu. Abin da na ɓata kuwa ban yi kewaye-kewaye ba, na ce zumuncina da yayana ne. Inna ta ce to me nake jira. Washegari na hau motar Bungudu. Na same shi yana ɗaurin dami a gonar wani, na durƙusa a gaban mutane na ba shi haƙuri. Na ce rabonsa nasa ne, in ya sayar ba zan ƙara cewa komai ba, shi ya san halin da gidansa ke ciki. Ya ce, "To, gayaunar hwa?" Na ce, "Yaya, haƙuri na zo ba ka, ba gona ba." Ya yi dariya har ya saki igiya, ya ce girma bai rage min komai ba. Har yau bai sayar da nasa ba, ban kuma tambaye shi dalili ba.

A da, yarinya 'yar shekara goma kan bi hanyar gonarmu ita kaɗai har bakin rafi, ba abin da uwarta ke mata tsoro sai ƙaya. Yanzu ƙato da gemunsa ba ya iya zuwa da rana tsaka. Ina kewar wurin, kewa mai ciwo, kuma ban san ko Inna za ta sake ganinsa ba. Masu cewa in haƙura suna da hujja, na ji su. Amma waɗanda suka kore mu sun ci shanu sun ci hatsi, ba zan ƙara musu da sa hannu a takarda in ce na bar wurin har abada ba. Wani da ya ratsa ta can kwanan baya ya ce min gonar ta zama daji, ciyawa ta kai wuya. Na ce masa ba komai. Ciyawa dai na san yadda ake yi da ita.