Mashigar ruwan da ban sa a taswira ba

Shekarun baya, a tsakanin kammala jami'ata da tafiyata bautar ƙasa, na yi wani kuskure da ya hana wani ƙauye ruwan tafkinsa shekara guda. Kafin in ba da labarin, ya kamata in bayyana inda na samo abin da zan faɗa. Ina da littafin da na riƙa rubuta awo a ciki, ina da kwafin taswirar da na zana, sannan na sake tambayar mahaifiyata da wani abokina da maganar ta shafa abin da suka tuna. Inda suka saɓa zan faɗa. Alal misali, littafina ya nuna kwana biyu na yi ina awon, ni kuma a raina kwana uku nake tunawa, amma na fi amincewa da littafin. Maganganun kakana ban rubuta su a lokacin da ya yi su ba, don haka ma'anarsu na riƙe, ba zan rantse a kan kowace kalma ba. Sunan ƙauyen da na mutanen kuwa na bar su da gangan.

Ƙauyen mahaifiyata ne, a arewa da Azare, kusa da kogin Katagum. Ni a Azare aka haife ni, a nan na girma, ƙauyen kuwa sai da salla ko rasuwa muke zuwa. Wanda nake kira kakana ƙanin mahaifin mahaifiyata ne, shi ne Sarkin Ruwan garin, kamar yadda mahaifinsa ya kasance. Baba Sarki muke ce masa. A lokacin, iyakar abin da na sani game da sarautarsa shi ne, shi ke ba da izini ranar su, wato ranar da gari duka ke shiga tafki kamun kifi. Na ɗauka sarauta ce ta yini ɗaya a shekara.

Mahaifin abokina, wani Alhaji ɗan kasuwa a Azare, ya sayi gonar fadama a hannun wasu magada a ƙauyen, tsakanin kogi da tafkin, yana son noman shinkafa. Da ya ji abokin ɗansa ya karanci ilmin taswira da awon ƙasa, kuma jikan garin ne, sai ya ce in je in auna masa gonar, in ba shi shawarar yadda zai kare ta daga ambaliya. Shi ne aikin farko da aka taɓa ba ni da sunan karatuna. Na tuna har sabuwar hula na saya saboda shi, don gudun kada a raina ni.

A tsakiyar bazara na je. Na fara da gaida kakana, ya dubi na'urar da na rataya a wuya ya ce ashe mai awo ya zo, to in auna masa matar da zai ƙwace mini idan na yi aure. Muka yi dariya, na sha fura, na fita. Na gaya masa gonar Alhaji zan auna. Ban tambaye shi komai a kanta ba, shi ma bai ce mini komai ba.

Na yi aikin da iyakar kulawata, wannan kam zan iya faɗa ba tare da kunya ba. Kowace kusurwa sau biyu na auna ta. A tsakiyar gonar akwai wani ɗan kwari da ya ratsa ta daga gaɓar kogi zuwa wajen tafki, zurfinsa bai wuce gwiwa ba, cike da busasshiyar ciyawa. Ga abin da na rubuta a littafina, yana nan har yau: "Kwari busasshe, babu ruwa, ana iya cikewa." A taswira ban ma zana shi ba. Na ba Alhaji shawarar ya ja jinga, wato tudun ƙasa mai tare ruwa, miƙaƙƙiya a gefen kogi daga wannan iyaka zuwa waccan. Ya yi hakan kafin ruwan farko ya sauka. Ni kuma na koma Azare, na sami koyarwa ta wucin gadi a wata makaranta, ina jiran takardar bautar ƙasa wadda ta yi jinkiri.

Sai a ranin da ya biyo baya na san abin da na aikata. Mahaifiyata ta je ƙauyen ta'aziyya, ta dawo da la'asar, ba ta ko cire mayafi ba ta sa aka kira ni. Ta ce tafki ya ƙafe tun kafin sanyi ya wuce. Bana ba a yi su ba. Mata suna tafiya har gaɓar kogi wanki da ɗebo ruwa. Shanun Fulanin da suka saba sha a gefen tafkin na gabas sun rasa mashaya, sun ratsa gonakin rani suna neman kogi, har an kai ga zama a gaban dagaci. Ta ce wannan kwarin da na ce a cike shi ne mashigar ruwan tafkin. Idan kogi ya cika da damina, ta nan ruwa ke shiga da ƙananan kifi.

Na tambaye ta me ya sa ba a hana ginin jingar ba. A nan ne ita da abokina suka saɓa. Abokina ya ce dattawa sun yi magana, mahaifinsa ya nuna musu taswira, dagaci ya ce ba zai yi gardama da takardar masu ilmi ba. Mahaifiyata kuwa ta ce dagaci ya juya ya tambayi Sarkin Ruwa, shi kuma da ya ji cewa jikansa ne ya zana takardar, sai ya sunkuyar da kai ya ce a bari a ga damina. Ban san wanne ne daidai ba, wataƙila duka biyun sun faru. Amma abin da ta faɗa a ƙarshe na riƙe shi kalma da kalma.

"Tsohon nan ya zaɓi tafki ya ƙafe da ya ƙaryata ka a gaban mutane. Sai ka je ka ƙaryata kanka."

Washegari na tafi. Na same shi a zaure yana gyaran homa, ragar kamun kifin da bana ba ta taɓa ruwa ba. Na durƙusa na fara jero bayanin da na shirya a mota, ya ɗaga mini hannu. Ya ce in cire takalmi in biyo shi.

Muka shiga kwarin daga bakin tafki muna tafiya a cikinsa. Ya ce in ji ƙasar da tafin ƙafata. Gefe da gefe yashi ne, amma cikin kwarin laka ce mai tauri wadda ta tsattsage. Ya ce duk inda na taka irin wannan, ruwa ya kwana a wurin, ko da na zo na tarar da ƙura. Ya nuna mini ciyawar da ke ciki, ya ce ba ta fita sai inda ruwa ke tsayawa. Da muka isa jingar Alhaji, sai ya kai ni gindin wata tsohuwar giyayya da ke bakin gaɓa. Na wuce bishiyar nan lokacin awo, har na yi amfani da ita a matsayin alamar kusurwa. Jikinta cike yake da sara, gajeru a kwance, wani bisa wani. Ya ce kowace shekara Sarkin Ruwa yana sara inda ruwan kogi ya tsaya. Ya nuna mini nasa, ya nuna na mahaifinsa waɗanda ɓawo ya fara rufewa, ya ce waɗanda suka fi su daɗewa bai san hannun wa ne ba. Na tsaya da littafina a hannu, wanda awon kwana biyu ne kacal a cikinsa.

Na ce masa, "Baba Sarki, takardata ta yi ƙarya."

Ya ce, "Ba ta yi ƙarya ba. Ranar da ka zo babu ruwa. Laifinta ɗaya, rana ɗaya ta gani."

Sa'an nan ya bayyana mini aikin da na ɗauka na yini ɗaya ne. Kafin damina ana gayya a share mashigar. Idan kogi ya cika, a bar ruwa ya shiga. Idan ya fara ja da baya, sai a toshe bakin da ƙasa da kara, don kada ruwan da kifin su koma. Daga nan babu mai jefa ƙugiya ko raga sai ranar su. Gefen gabas na shanu ne, gefen gari na mata, kuma ba a wanki a inda ake ɗiban na sha. Ya ce duk cikin aikin babu mai wuya kamar ranar toshewa. In ka yi gaggawa tafki bai cika ba, in ka yi jinkiri na kwana biyu rabin ruwan ya tsere.

Zuwa wurin Alhaji ya fi mini wuya fiye da zuwa wurin kakana. Na roƙi a zauna a gaban dagaci, tunda a nan aka nuna taswirar. Na faɗa a gaban dattawa da Arɗon Fulanin cewa ni na zana, ni na ba da shawara, kuma ban tambayi kowa ba. Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya ce bara na zo masa da takarda na ce a toshe, bana na zo masa da baki na ce a buɗe, to wanne daga cikin maganganuna biyu zai ɗauka, kuma wa ya tabbatar masa ba zan zo da ta uku baɗi ba? Arɗo ne ya ce, cikin raha, ai yaron ya fi su ƙoƙari, su da suka ga ana toshewa suka yi shiru. Aka ɗan yi dariya, zaman ya yi sauƙi. Na ba su labarin saran da ke jikin giyayya, daga ƙarshe Alhaji ya ce a kai shi ya ga bishiyar. Ya daɗe a gindinta yana shafa saran da yatsa. Ya amince a yanke jingar a bakin kwarin, a bar wa ruwa hanyarsa, duk da cewa hakan ya raba masa gona biyu kuma ya cinye masa wani yanki na shinkafa. Ina ganin wajibi ne in rubuta wannan, domin shi ne ya yi asara a kan kuskuren da ba nasa ba.

Aka yi gayya kafin ruwan farko. Na riƙe fartanya tare da kowa, hannuna ya yi bororo tun kafin azahar, kakana yana zaune a inuwa yana sanar da jama'a cewa mai awo ya gano ƙasa tana da nauyi. Da damina ta yi nisa na koma na ga ruwa yana bi ta kwarin, ja da laka, ƙananan kifi suna walƙiya a cikinsa.

A ranar ce na tambaye shi yadda yake gane ranar toshewa, na buɗe littafi zan rubuta. Ya ce akwai launin ruwan, yakan fara washewa. Akwai tarkacen da ke bisa ruwa, yakan tsaya cik a bakin mashiga kafin ya juya. Akwai kuma inda ƙananan kifin ke fuskanta. Na rubuta ukun, na karanta masa. Ya ce duka gaskiya ne, amma wanda ya bi su kaɗai zai makara, domin kafin su bayyana gaba ɗaya ranar ta wuce. Na ce to mene ne na huɗun? Ya ce ba abin faɗa ba ne, shi ma mahaifinsa bai faɗa masa ba, tsayawa ya yi kusa da shi shekara da shekaru har ya fara gani.

"Ka zauna zuwa ƙarshen damina," in ji shi. "Kullum da safe mu zo nan tare. Ranar da na ce a kawo kara, sai ka duba abin da nake dubawa."

Na yi masa alkawari. Bayan mako biyu, ko uku, a nan littafina bai taimake ni ba, takardar bautar ƙasa ta fito, aka tura ni wata jiha mai nisa. Na je na yi masa sallama, na ce baɗi ina nan in Allah ya yarda. Ya ce Allah ya kai mu. An toshe mashigar ba na nan, tafki ya cika, an yi su a ranin, mahaifiyata ta ce har daga ƙauyukan kusa an zo. Kakana ya rasu kafin damina ta gaba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Maganar gonar ta mutu tun tuni. Ni da abokina muna nan yadda muke, Alhaji yana nomansa gefe da gefen kwarin, na kuma sake zana taswirar da mashigar a cikinta, na kai wa dagaci kwafi. A wurin aikina yanzu ba na sa hannu a kan awon fadama sai na ga wurin da rani na gan shi da damina, kuma sai na zauna da wanda ya girmi kowa a wurin. Abokan aiki suna cewa ina da jinkiri, ban musa ba.

Ɗan kakana ne ke riƙe da sarautar yanzu. Ya yi shekarunsa na ƙuruciya yana aikin mota tsakanin Azare da Gamawa, bai tsaya a bakin mashiga tare da mahaifinsa ba sai jefi-jefi. Mutum ne mai gaskiya, shi da kansa ya gaya mini cewa alamun nan uku yake bi, waɗanda na karanta masa daga littafina. Wata shekara tafkin yakan kai ranar su da ruwa sosai, wata shekara yakan ja da wuri. Ba ni da awon da zan ce laifin ranar toshewa ne ko na damina, don haka ba zan ce ba. Yana ci gaba da sara a jikin giyayya, ni ma duk ƙarshen damina nakan ɗauki hutu in je in tsaya tare da shi da safe, mu biyu muna kallon ruwa. Mun tambayi tsofaffin garin, mun tambayi Arɗo, babu wanda ya sani. Tambayar da na kasa amsawa har yau ita ce: mene ne kakana yake gani a ruwan nan kafin alamun su bayyana?