Baba Mai Faci, Wanda Ya Ƙi Sayar da Sholisho

Kafin shaguna su buɗe Baba Mai Faci ya share rumfarsa, ya cika bahon gwajin tub da ruwa, ya tayar da injin iska. Gwangwanin sholisho kuwa ba ya ajiye shi a ƙasa kamar sauran masu faci, a aljihun rigarsa yake wuni. Duk wanda ya zo saye amsa ɗaya yake samu: "Kawo tayar, ni zan shafa." A kan wannan aka yi shekaru ana ce masa marowaci, a layin da in an yashe kwata kwalaben maganin tari sun fi laka yawa. Yanzu ciwon baya ya ajiye shi a gida, layin ya yi tsit kamar ba a taɓa yin sa ba. Abin da ban haushi!

Autan Hajiya mai ɗinki, saurayi mai haya da babur, ya riƙa zuwa neman sholisho alhali tayoyinsa lafiya lau. Baba ya dubi jan idonsa da tsumman da yake dunƙulewa a hannu, ya rufe rumfa ya nufi gidansu.

"Hajiya, Auta yana shaƙe-shaƙe. A kai shi asibiti tun da sauran dama."

"Malam, ka ji da tayoyinka. Ɗan nawa? Ko sigari bai taɓa riƙewa ba. Baƙin ciki ne kawai!"

Kowa a layin ya san gaskiya Baba ya faɗa. Mai shayi ya sani, mai aski ya sani, mai kemis kuwa shi ya fi kowa sani. Duk suka ja bakinsu suka yi gum, wai kada a ɓata zumunci. Wane irin zumunci? Baba ya sake komawa, aka rufe masa ƙofa a fuska. Auta ya samo abinsa a wani wuri, ya haɗa da ƙwaya, ya rame, hanci na zubar da jini, fasinja ya faɗa masa inda za shi ya manta a hanya.

Wata rana da azahar ya faɗo daga babur a gaban rumfar, kumfa na fita a bakinsa. Jama'a suka taru, wasu har da ɗaga waya suna ɗauka. Baba ne, da wannan bayan nasa, ya saɓa shi ya tari mota. Auta ya rayu, amma hannuwansa ba su daina rawa ba.

Kai ne ka sha zagi a madadinmu, Baba, mai faɗa a gaban ido. Kai ne ka ga yaron da ba naka ba ka hana kanka sukuni, mu muna gefe muna gulma.

Jiya Hajiya ta je duba Baba. Ta zauna a bakin tabarma, shi ya fara magana.

"Yaya Auta? Yana cin abinci?"

"Yana ci, Malam. Ni nake ba shi a baki."

Mun gode, Baba, Allah ya ba ka lafiya, ya saka maka da alheri. Mu kuma da muka rage, in mun ga ɗan maƙwabci da tsumma a hanci, mu tashi mu ƙwanƙwasa ƙofar gidansu. Uwarsa za ta zage mu, to ta zaga. Gara ta zage mu da ta wayi gari tana ba ƙaton ɗanta abinci da cokali.