Marini da ƙwayayen lantarki uku

"Kada ka kunna su tare, Malam!" in ji maƙwabcina Idi, marini a wata masaƙar Challawa.

Washegari mahaifiyarsa za ta dawo daga Hajji. Ya ƙawata ƙofar gida da ƙwayayen lantarki ja, kore da shuɗi, sannan ya tuna Hajiya farin haske take so, wai gidanta ba otal ba ne.

Ya ce, "Shekara ashirin ina haɗa rini. Ukun nan baƙi suke bayarwa."

Na juya su wuri ɗaya, na kunna. Bango ya yi fari tas.

Ya shafa bangon, ya dubi tafin hannunsa. "To, ina baƙin ya tafi?"

Ɗalibaina, da ku ya tambaya, me za ku ce masa?