Hannayen Kaka

A gidanmu na unguwar Nasarawa a Jos, Kaka ba ta fara tatsuniya sai wuta ta kama sosai. Sanyin Jos ya isa dalili, amma ba don shi ba ne. Kawu Sale, autanta, kurma ne tun haihuwa, kuma sai da haske yake ganin hannuwanta. Da baki take ba mu labari, shi kuma da hannu. Idan ta ja yatsu daga gefen baki, kyanwa ke nan. Idan ta dafa ƙugu ta karkace, to kura ce. Su biyu suka ƙirƙiri wannan yare, kuma ba wanda ya iya shi a gidan. Innata kanta ba ta wuce "zo" da "ci abinci" ba.

A shekarar da na shiga elemantare Kaka ta fara gajiya. Gaɓoɓin yatsunta suka kumbura. Kawu kuwa ya kai munzali, ba sana'a, ba aboki. Yara na jifansa a Titin Bauchi, ya dawo yana huci, ita kaɗai ke iya lallashinsa.

Sai wani ma'aikacin hukumar En'e, Malam Pam, ya riƙa zuwa a kan keke. Ya ce hukuma ta buɗe wurin koya wa kurame da guragu ɗinkin takalmi da saƙar kujera, can a wani gari, da kwana da ci.

"Mama, ki ba mu shi," in ji shi. "Zai koyi aiki, ya riƙe kansa."

"Idan cikinsa ya yi ciwo, wa zai gaya wa?"

"Akwai irinsa da yawa a can."

"Irinsa ba su ne suka haife shi ba. Sha ruwa, ɗana, ka hau kekenka."

Haka suka yi ta yi har damina ta wuce.

Wata rana bayan magariba Kaka ta ce mu matso, ta zo da sabuwar tatsuniya. Wata kurciya ce ta ƙyanƙyashe ɗa marar murya. Duk inda za ta, yana bayanta. Sauran tsuntsaye suka ce a hayin kogi akwai wata bishiya da tsuntsaye marasa murya ke taruwa, ta kai shi mana. Ta ƙi. Fikafikanta suka tsufa, ta ci gaba da ɗaukarsa, suka zauna tare har ƙarshen rayuwa. Ƙannena suka ji daɗi, suka tashi.

Ni ban cika magana ba, kallo na fi yi, kuma a ranar hannuwanta nake kallo. Lokacin da bakinta ke cewa sun zauna tare, na ga ta ɗora ɗan tsuntsun a tafin hannu, ta miƙa shi nesa, ta dawo da hannun wayam. Ta sake yi a hankali. Kawu ya daɗe yana dubanta, sannan ya tashi ya shige ɗaki.

"Kaka, ba haka kika gaya mana ba," na ce da ita.

"Ku taku daban," ta ce, tana murza yatsunta. "Kashe wutar, itacen ya yi tsada."

Da Malam Pam ya dawo, ta haɗa wa Kawu kayansa da kanta.

Kawu ya zo hutun babbar salla tare da abokai biyu, kurame, ya kawo mata takalmin da ya ɗinka. Suka zauna a tsakar gida hannuwansu na ta gudu, suna dariya har da riƙe ciki. Ban taɓa ganinsa haka ba. Amma alamun duk sababbi ne, na can. Kaka ta bi su da ido, ta gaji, ta juyo gare ni.

"Kai ɗan makaranta, me yake cewa?"

Na ce ban sani ba.

Da ina yaro na ɗauka gajiya ce ta sa ta sallama shi, kuma akwai gajiyar, ba na musu. Sai da na girma na gane ta san abin da za ta rasa tun kafin ya tafi. Ita ce mutum ɗaya tak da yake iya hira da ita a duniya, kuma ta san ba za ta daɗe ba. Ta gwammace ya sami mutane da yawa, ko da ita za ta koma baƙuwa a hirarsa. Ranar ta zauna da takalmin a cinya har suka gama dariyarsu, sannan ta tashi ta zuba musu tuwo.