Sukurun da Kakana Ya Kwance

Jiya jikana yana fama da janareta a tsakar gida, ya fesa wa wani sukuru mai tsatsa man gwangwani, sai ƙauri ya tashi. Nan take na tuna warin man kaɗe a kan ƙarfe mai zafi, na ga kaina a Birnin Gwari zamanin Turawa, ina 'yar yarinya mai shegen tambaya.

Gidanmu gidan maƙera ne. Mahaifina hayaƙin gawayi ba ya yi wa ƙirjinsa daɗi, tun tuni ya koma noma, saboda haka duk burin kakana yana kan autansa, baffana. Shi kuwa ya dawo daga aikin soja da iya tuƙi, ya ce shi da zugazugi sai dai kallo. A bakin daji akwai wata tsohuwar mota da wani Bature mai haƙar zinariya ya bari, ya ce duk wanda ya tashe ta ya riƙe. Damina uku tana shan ruwa, birai suna hawa suna sauka.

Kakana ya yanke magana a gaban kowa. "In ta tashi kafin ruwan shuka, ka tafi da albarkata. In ba ta tashi ba, ka dawo ka riƙe guduma, kar in ƙara jin zancen mota."

Baffa ya gyara abin da zai gyaru, har fetur ya samo wajen direbobin da ke wucewa. Abu ɗaya ya tsaya masa. Akwai wani ɗan akwati da ke ba injin wuta, a cikinsa wasu ƙarafa biyu suke haɗuwa su rabu su ba da tartsatsi. Sai an cire su an goge, amma sukurun da ya riƙe su tsatsa ta cinye shi. Sukurun bai fi ƙwayar gyaɗa ba. In mun fita itace da mata nakan sulale in leƙa, in tarar da baffa yana murɗa yana zufa, har ya cinye tsagar kan sukurun, sukundireba ta daina kamawa. Ga shi hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Abin ya ɗaure min kai ƙwarai. Wata safiya na tsuguna a bakin maƙera na ce, "Kaka, ashe akwai ƙarfen da ya fi ƙarfin mutanen gidan nan?"

Ya ajiye guduma. "Ke amarya, wa ya gaya miki?"

Na kwashe labari duka na faɗa masa. Da na zo wajen tsagar da ta lalace sai ya ɓata fuska kamar an ce an daki ɗansa. "Da ƙarfi yake murɗawa? Ɗan gidan nan?"

Da hantsi ya ɗauki magagari da wani siririn ƙarfe, ya sa kakata ta ba shi ruwan tsamiya da curin man kaɗe, muka nufi daji da garwashi a kasko. Baffa yana ganin wuta ya daka tsalle. "Baba, akwai fetur fa! Kuma murfin akwatin nan narkewa yake!"

"Cire akwatin ka kawo min nan gindin itace. Ni na fi ka sanin inda wuta take zuwa."

Ya ɗiga ruwan tsamiya a kan sukurun, ya zauna yana cin goro kamar ya manta abin da ya kawo shi. Ni duk na ƙosa. Can ya goge, ya sake fitar da tsaga da bakin magagari. Ya gasa siririn ƙarfen nan har ya yi ja, ya ɗora tsininsa a kan sukurun kaɗai, bai taɓa komai a gefe ba. Da ya ɗauke, ya manna man kaɗe, man ya narke ya sulale ciki yana hayaƙi. Ya ƙwanƙwasa a hankali sau uku. Abin da ya fi ba ni mamaki, da ya sa sukundireba sai ya fara ɗaurewa tukuna, kaɗan, sannan ya juyo baya. Muka ji ƙit.

Kafin la'asar baffa ya mayar da akwatin, ya murɗa hannun tayar da motar, ta yi tari, ta kama ruri, birai suka watse. Ya zube a gaban kakana yana kuka. Kwana biyu bayan haka aka yi ruwan shuka.

A hanyar gida na kasa haƙuri. "Kaka, ba ka san in ta tashi zai tafi ba?"

"Na sani mana."

"To don me ka kwance masa?"

Ya ce, "Da in ga ana wulaƙanta ƙarfe da sunan gidana, gara in rasa mai riƙe min guduma."

Baffa ya tafi, ya yi shekaru yana jigila tsakanin Kakangi ta ƙasar Birnin Gwari da manyan garuruwa. Da kakana ya rasu aka rufe maƙera, babu wanda ya sake hura ta. Yau dajin nan ma ba ya shiguwa. Na daɗe ina jin nauyin tambayar da na yi a bakin maƙera, har yanzu ban gama yafe wa bakina ba.

Jiya dai da na ga jikana ya danne sukundireba zai murɗa da ƙarfi, sai na ji kaina ina cewa, "Kai, fara ɗaurewa tukuna." Ya dube ni yana dariya, ya gwada. Muka ji ƙit.