Murfin da Yaya Ta Kasa Buɗewa

Shekara ashirin da shida Mai Kwali ya yi yana yanka akwatunan kyauta a ɗakin bayan maɗaba'a, kuma ba ya nuna wa kowa samfuri sai yayarsa ta fara buɗe shi. Tsohuwar tela ce, yatsunta duk sun sandare.

Da wani kamfanin sufuri ya cika shekara hamsin, aka nemi ya tsara akwatin tunawa na tsofaffin direbobi: agogo kwance kan karan-miski, sunan mutum da ruwan zinariya. Kwana tara yana auna murfin har ya zauna cif. Washegari manajan kamfanin zai duba, in bai gamsu ba wata maɗaba'ar za a kai aikin.

Da ya kai wa Yaya samfurin, ta ja murfin, ta sa farce, ko motsi bai yi ba.

"Auta, kyauta ce wannan ko asusu? Sai dai ka haɗa wa tsofaffin da guduma."

"Yaya, ai matsewar ce alamar tsada."

"To, su zauna su yi ta kallon tsadar."

Ya yi dariya, amma ya koma teburinsa. Ya rage kaurin takarda ɗaya daga bakin murfin, ya maƙala 'yar igiyar siliki ta ɗagawa.

Manaja ya zo tare da wani tsohon direba mai rawar hannu. Da yatsa biyu tsohon ya buɗe, ya rungume akwatin ya ƙi mayarwa. Nan take manaja ya ce a fara aiki, sai dai dole Mai Kwali ya yanka wani samfurin.