Kofin Shayi a Kan Bonet

Yayana ya sa wa motarsa babban inji mai gudu, ya ce da kansa zai saita shi, ba ruwansa da makanikan Kankia. A motar kuma zai kai mu biki Kusada, har da Inna.

Sai na tuna marigayi Kawu. In ya taɓa inji, ni ke ɗora masa kofin shayi a kan bonet kafin ya tada mota. Ga ƙamshin citta, ga warin fetur. Yakan ce, "In ya zube, 'yata, aikin ya fi hannuna, sai makanike."

Ban tsaya gardama ba, na ɗora kofin shayi a kan motar Yaya. "Yaya, tada ta."

Motar ta girgiza, rabin shayin ya zube.

"Ke dai fitinanniya ce," in ji shi. Amma ya nufi Kankia.

Allah Ya kwantar da kai, Kawu, inda ba abin da ke girgiza.